Hayaƙi a Bayan Dutsen Kwatarkwashi

Tungar Ƙirya,
ta Kwatarkwashi.
Maris, 1974.

Zuwa ga maigidana Malam Mu'azu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Gusau? Ka gaida mini Bala da sauran mutanen garinmu da kuke tare a zangon shanu. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna tana sa maka albarka. Ƙafafunta suna nan yadda ka bar su, daga ɗaki zuwa gindin darbejiya sai na riƙe ta. Ɗiyarka Ma'u ta ƙara baki, duk motar da ta ji kukanta daga titi sai ta ce ta babanta ce.

Bitrus direba na ba takardar, wanda ke ɗaukar lodi tsakanin Tsafe da Gusau. Ya ce ya ji Alhajin da kuke yi wa aiki zai tura ku Kudu da shanu a jirgin ƙasa. In haka ne Allah ya kai ku lafiya, amma don Allah ka ba ni amsa kafin ku tashi.

Rijiyar masallaci ta ƙafe. Yanzu a rafi muke neman ruwa. Mun haƙa ramuka cikin yashi, zurfinsu ya kusa tsayin mutum, mace ta shiga da ƙoƙo ta zauna tana jiran ya tsattsafo. Abinci kuwa muna lallaɓawa da ɗan hatsin da ka aiko, ina haɗawa da busasshiyar tafasa. Ba wannan ya sa na rubuto ba, kowa a ƙasar nan haka yake.

Wuta nake jin tsoro. Ka tuna dawar bara da ta bushe a tsaye ba ta fid da kai ba. Ba wanda ya sare ta, don duk kun yi gaggawar fita neman abin da za mu ci. Fulanin da suka saba shigowa shanunsu su cinye kara, bana tun kaka suka wuce. To karan nan yana tsaye tun daga gindin dutse har jikin dangarmu, ya bushe ƙayau. In iska ta bi ta cikinsa da rana sai in bar abin da nake yi in fita in duba, don ƙararsa ba ta da bambanci da ta wuta.

Kullum sai mun ga hayaƙi a bayan dutse. Masu farautar gafiya ne da masu cin zuma. Mai unguwa, Malam Abubakar, ya sa an yi shela ranar kasuwa cewa kada wanda ya ƙara sa wa daji wuta. Amma wanda ya bar 'ya'yansa suna kukan yunwa ba ya jin shela, kuma yawancinsu ma ba 'yan nan ba ne.

Wani mai sayar da gishiri da ya zo daga Bungudu ya ba mu labarin wata tunga a can da ta ƙone da rana tsaka. Ya ce kowa ya tsira sai tsofaffi biyu da ba su iya gudu. Tun da na ji wannan, in ina shafa wa Inna man shanu a ƙafa sai tsofaffin nan su faɗo mini a rai. Ka san mazan da suka rage mana: Malam Abubakar, da liman, da wasu dattawa da su ma sai da sanda.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ka sa baki Inna ta yarda mu koma gidan Babana a Tsafe har ruwa ya sauka. Na yi mata maganar, ta ce ita ba za ta je ta tare a gidan surukai a shekarar yunwa ba. Na biyu, ka ba ni izini in buɗe rumbu in kwashe dammunan irin da ka ajiye. Na san mace ba ta shiga rumbun mijinta, amma jinkarsa ciyawa ce, kuma shi ne mafi kusa da gona. In irin nan ya tafi, ko ruwa ya zo ba mu da abin shukawa.

Ka riƙa cin abinci, kada ka ce sai ka tara mana duka. Ina kewarka.

Ni ce matarka,
Huseina.

Tungar Ƙirya.
Afrilu, 1974, bayan Mauludi.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da begen ganinka. Ina fata kana lafiya a duk inda kake, kai da Bala. Inna da Ma'u suna lafiya, sai ƙurajen zafi da suka feso wa yarinyar a wuya.

Bitrus ya gaya mini takardata ba ta same ka ba, kun riga kun tashi zuwa Ibadan. Ya bar ta wurin mai masaukinku. Wannan ma can za ta jira ka. Na san ba za ka karanta da wuri ba, amma in na rubuta sai in ji kamar na gaya maka, zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Na buɗe rumbun. Na jira amsarka har na ga jiran ba shi da amfani. Inna ta yi faɗa sosai, ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa leƙa shi ba. Gwaggo Tambaya, mahaifiyar Bala, ita ta shigo ta zauna kusa da ita ta yi ta ba ta baki har ta haƙura. Ka san Gwaggo, ba ta da tsoron kowa, ga ƙarfi kamar ba tsohuwa ba. Ita ta riƙe mini tsani na hau. Muka sussuke geron da dawar, muka gauraya da toka saboda ƙwari, muka zuba a tuluna, muka liƙe bakinsu da laka, muka binne a tsakar gida nesa da kowace jinka. Nata irin ma haka muka yi masa. Ban taɓa ko tsaba ɗaya don tukunya ba, ko da yake ranar Ma'u ta tsaya tana kallon hatsin har na kau da kai.

Mu mata mun fara sare karan da ke kusa da gidaje. Da asuba muke fita da lauje da adda, kafin hantsi rana ta kore mu. Gwaggo ce ke gaba, tana yi mana waƙa tana zagin mazajenmu don mu yi dariya. Mun share fili tsakanin gona da danga ta gabas, faɗinsa kamar hanyar mota. Malam Abubakar ya zo ya duba, ya ce mun yi ƙoƙari. Na tambaye shi ko zai tare wuta. Ya ce in babu iska zai tare.

Iskar ce kuwa damuwata. Hadari ya fara haɗowa da yamma. Sai ka ga gabas ta yi baƙi, a yi tsawa, yara su fito suna tsalle, sa'an nan iska ta taso ta kwashe shanya ta kaɗa ƙyamare, ta wuce ba ko ɗigo. An fita roƙon ruwa ranar Juma'a, har da mu mata a baya, da awaki. Na roƙa da gaske, Allah ya sani. Amma yanzu in na ga hadari ba na murna, don na ga abin da iskarsa ke yi wa wuta. Makon jiya wata ta tashi can ta wajen Wonaka. Muna kallonta daga bakin rafi tana tafiya a hankali kamar ba za ta yi komai ba. Da iskar hadari ta same ta, kafin in sauke tulu daga kaina ta cinye abin da mutum zai yi tafiyar yini bai ƙure ba. Allah ya sa ba mu ta nufo ba.

Na daina girki da rana. Da sassafe nake dafa abin da za mu ci, in kashe wutar da ƙasa, in tsaya sai na ga ba ko hayaƙi. Duk macen da na ga ta ɗebo garwashi a kasko daga maƙwabta sai na bi ta da ido har ta shige. Inna ta ce na zama kamar mai taɓin hankali. Wataƙila gaskiyarta.

Na sake yi mata maganar Tsafe. Ta ce a ɗakin nan ta haife ka, a nan za ka dawo ka same ta.

Allah ya dawo da ku lafiya.

Taka,
Huseina.

Tungar Ƙirya.
Ƙarshen Afrilu.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka gafarce ni, a tsaye nake rubutun nan, matar liman za ta fita titi ta ba Bitrus.

Wuta ta hau dutsenmu. Ba a san wanda ya sa ta ba. Tana cin ciyawar da ke tsakanin duwatsu, ba ta sauko ba, ba ta kuma mutu ba. Toka na zubo mana a tsakar gida, har cikin randa. Birai sun sauko suna ratsa gonaki da rana, ba su ko kula mutane. Jiya maciji ya shigo ɗakin Gwaggo Tambaya.

Dattawa sun ce a ba ta kwana biyu za ta cinye abin da ke sama ta mutu da kanta, wai haka ta saba. Mun shirya cewa in ta sauko, kowa ya nufi falalen dutsen nan na yamma inda muke shanya, tun da ba ciyawa a kansa. Na gwada goya Inna a cikin ɗaki don in ga ko zan iya. Na iya, amma ba tare da Ma'u ba. Wannan ne abin da ke hana ni cin abinci.

Na ce wa Inna gobe ko tana so ko ba ta so zan nemi jaki in kai ta titi. Wannan karon ba ta yi gardama ba, ina jin ita ma ta tsorata.

Ka yi mana addu'a.

Huseina.

Tsafe,
gidan Babana.
Mayu, 1974.

Zuwa ga maigidana Malam Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fata kun dawo lafiya. Na roƙi Bitrus ya sa wannan takarda a saman sauran, ya kuma ce wa mai masaukinku kai kaɗai za a ba. Ka karanta ta inda Bala ba ya nan.

Da farko ka kwantar da hankalinka: Inna tana da rai, Ma'u tana da rai, ni ma haka. Muna Tsafe. Tungar Ƙirya kuwa ta ƙone, ba ɗaki ɗaya da ya rage da rufi.

Ban samu na nemo jakin ba. A ranar da na rubuto maka, bayan azahar, hadari ya haɗo, ya fi na kullum duhu. Ina tsakar gida ina daka ɗorawa sai iska ta taso. Na ɗaga kai na ga wutar ta sauko daga dutse ta shiga karan gonaki. Filin da muka share bai hana ta komai ba. Iska ce ta riƙa ɗauko ganyen kara yana ci tana jefawa a kan jinkaye. Ɗakin liman ne ya fara kamawa, sai na kusa da shi. Ba wanda ya yi maganar kashewa, da wane ruwa?

Na goya Ma'u na shiga wurin Inna. Na same ta zaune a bakin gado ta ɗaura ɗankwalinta, carbi a hannu. Ta ce, “Tafi da ɗiyar nan, ki bar ni. Ni na ga abin da zan gani a duniya.” Na kama hannunta ta fizge. Mu'azu, na tsaya a tsakiyar ɗakin nan na kasa fita na kasa zama, ina jin rumbunka yana ci a bayan danga.

Sai ga Gwaggo Tambaya. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance Ma'u daga bayana ta goya a nata, ta ce, “Ke ce mai ƙashi, ɗauki tsohuwa.” Ta juya ga Inna ta daka mata tsawa irin wadda ban taɓa jin an yi mata ba. Inna ta miƙo hannu, na goya ta, na ɗaure da zane kamar jaririya.

Da muka fito ba a ganin komai sai hayaƙi. Gwaggo na gaba, ina bin sautin tarin Ma'u. Mun kusa fita gari sai dangar gidan mai unguwa ta faɗo tsakaninmu tana ci. Na yi baya na bi ta lungun masallaci. Gwaggo kuma wutar ta tare mata hanyar yamma. Na kira ta ban ji amsa ba. Ban san yadda na kai falalen dutse ba. Na dai san na faɗi sau biyu, kuma Inna tana ta salati a kunnena.

Na sauke ta na shiga duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya iso, har dattawa masu sanda. Babu Gwaggo, babu Ma'u. Na juya zan koma, mata suka kama ni suka danne, matar liman ta zauna a kan ƙafafuna. A nan na kwanta ina kallon garinmu yana ci, ɗiyata tana ciki. Ba zan iya rubuta maka abin da na ji ba. Hadarin ya yi yayyafi kaɗan, bai ko jiƙa dutsen ba, ya wuce.

Gab da magariba wutar ta yi gaba, muka sauka. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Mun duba gidaje, mun duba hanya, ba mu gan su ba. Malam Abubakar ne ya ce a duba rafi. Ciyawar gaɓa duka biyu ta ƙone ƙurmus. A cikin ɗaya daga ramukan da muke ɗiban ruwa muka same su. Gwaggo ta kwantar da Ma'u a ƙasan ramin kan danshin yashi, ta jiƙa zanenta da ɗan ruwan da ke ciki ta lulluɓe ta, ita kuma ta durƙusa a kanta. Wutar ta bi ta samansu. Ma'u ba abin da ya same ta sai tari da ɗan ƙuna a dunduniya. Gadon bayan Gwaggo da ƙeyarta kuwa, gara kada in faɗa.

Tana cikin hankalinta. Da aka ɗago ta, abin da ta fara tambaya shi ne ko yarinyar tana numfashi.

Muka ɗauke ta a tabarma zuwa titi. Allah ya kawo Bitrus yana komawa Tsafe. Ya sauke buhunan mutane a gefen hanya ya bar yaron motarsa yana gadi, ya shimfiɗa mata bargonsa, ya kwashe mu har da Inna. Malamin asibitin Tsafe ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ni shaida ce, ban bar gefenta ba. Ta yi kwanaki tana fama. Ranar Lahadi da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A nan Tsafe aka yi mata sutura, Babana ne ya tsaya a kan komai, mutane da yawa sun yi mata salla ko da yake ba su san ta ba.

Kafin ta rasu ta yi ta kiran Bala. Ta ce a gaya masa ta yafe masa duniya da lahira, kuma ya daina jan ƙafa ya yi aure. Da ta ga ina kuka ta ce in rufe mata baki, ba ta son hayaniya.

Mutanenmu sun watse, wasu Kwatarkwashi, wasu wurin dangi a Bungudu da Karakkai. Malam Abubakar ya aiko cewa ya tona tulunan, irin yana nan lafiya, namu da na Gwaggo, ya ajiye a gidan ƙaninsa a Kwatarkwashi. Awakinmu ba a gan su ba. Inna ba ta cika magana ba yanzu, ba ta kuma yarda Ma'u ta yi nisa da ita. Ni kuwa har yau ban iya zama kusa da murhu ba, mahaifiyata ke yi mana girki. Ruwa bai sauka ba tukuna, kuma daga ƙofar gidan nan ma ana hango hayaƙi ta kudu.

Ga abin da nake roƙonka. Wasu daga cikin mutanenmu sun shiga Gusau neman abinci, labarin zai riga ku isa zango. Kada ka bari Bala ya ji a tasha, ko a bakin wanda zai yi masa ta'aziyya yana zaton ya sani. Ka ja shi gefe, ka zaunar da shi, ka gaya masa da bakinka. Ka gaya masa duka, har da cewa ɗiyarka ce a ƙarƙashinta. Na yi tunanin ko a sassauta masa wannan, na ga bai kamata ba, haƙƙinsa ne ya san yadda uwarsa ta tafi. In ya kasa duban fuskarka na wani lokaci, ka yi haƙuri da shi, kada ka bar shi shi kaɗai.

Sa'an nan ku zo tare, ku biyo ta Tsafe. Babana zai kai shi kabarin. Ban san abin da zan ce masa ba in ya iso, na yi ta nema ban samu ba. Amma na gaya wa mutanen gidan nan kada wanda ya riga ni kai masa ruwa.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri, ya kawo ku lafiya.

Ni ce matarka,
Huseina.